Hannun Gari da Goran Yaya

A garinmu ba a shuka don kawai an ga ruwan sama. Sai an tambayi hannu tukuna. Shekaru da dama yanzu hannun nan nawa ne, na dama, kuma na gaji da shi.

Garin ƙarami ne, a ƙasar Bagudo, can gefen da in ka ɗan taɓa tafiya yamma sai ka ga lambar babura ta sake kama, ka san ka shiga Binin. Tsofaffi har yau Dahome suke ce mata. Gero a tudu, shinkafa a fadama, dawa a tsakani, rayuwar ke nan. Abin da ke wahalar da mu shi ne ruwan farko, don maƙaryaci ne. Yana zuwa ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya sa kowa ya tsani kowa, ya yi ruguguwa, ya yaye wa mutum biyu ko uku kwanon rufi, ya jiƙa saman ƙasa, ya kama gabansa. Wanda ya ruɗu ya zuba iri, geron zai tsiro, ya leƙo, ya ga ba wanda ya biyo baya, ya mutu. Mai iri da yawa sai ya sake shuka. Wanda irinsa na shuka ɗaya ne, kamar yayata a shekarar da zan ba da labari, in ya yi kuskure to shekarar ta wuce shi.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi na tarar yana aikin hannun. Dogo ne siriri, in ya miƙe tsaye yatsunsa suna neman gwiwarsa. Yana da tabo a hannun dama, sama da wuyan hannu, inda lauje ya same shi tun yana yaro wajen yankan shinkafa. Kashegarin duk ruwan farko, an idar da sallar asuba, sai ya nufi gindin wani gawo a bayan gari, jama'a na biye. Ya durƙusa, ya tona rami da hannu, ya yi ta tonawa har yatsunsa su taɓa busasshiyar ƙasa. In bakin ramin ya kai tabon, danshi ya shiga ke nan, sai ya ce a shuka. In bai kai ba ya ce a jira. Ya kakkaɓe hannu ya tafi shan kunu. Magana biyu ce duk aikin, amma da ita ya ci girma har ya mutu.

Ko shekaru da hannunsa ake tuna su. In ka tambayi mahaifiyata yaushe ta haife ni, sai ta ce shekarar da danshi ya wuce gwiwar hannun kawunka har ya ɓata masa sabuwar riga. Yaya kuwa an haife ta shekarar da ya yi ta tona bai taɓa wuce yatsu ba, mutane suka koma cin tafasa, Fulani suka kora shanu kudu. Akwai shekarar da malka ta ƙi ɗaukewa har katangu suka yi ta zaunawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda babban kogi ya cika a lokacin sanyi, sama tas ba ko gajimare, ya shiga shinkafar rani ya kwanta. Ruwan nan daga ƙasashen sama yake gangarowa, kowa ya sani, amma sai da aka zo aka tambayi Kawu me ya sa bai faɗa ba.

Tsofaffi suna cewa a da ruwa yana da tarbiyya. Wai shamuwa ta sauka, gawo ya fara kaɗe ganye, hadari ya haɗo daga gabas, sai ruwa ya sauko a kan lokacinsa kamar baƙon da ya aiko da saƙo. Ni ban yarda da wannan duka ba. In da tarbiyyar ta kai haka, me ya kawo tona rami? Abin da na yarda da shi, don a kan idona ya faru, shi ne yanzu ƙaryar ta ƙaru. Yana zuwa da wuri, ya ɗauke ya daɗe, sannan ya dawo ya zubar da na wata guda a yini ɗaya.

Kawu ya rasu da rani. Aka yi masa sutura aka kai shi, kowa ya yi kuka gwargwadon iyawarsa. Sai da bazara ta kama, zafi ya fara dafa mutane, sannan wani ya tuna ba wanda ya auna inda tabon yake kafin a rufe shi.

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Zaɓena bai ɗauki lokaci ba. Kawu bai bar ɗa namiji ba, ni ne ɗan 'yar uwarsa, kuma a cewarsu ba ni da wani aikin kirki da za a ce an raba ni da shi. Kabu-kabu nake yi a lokacin, ina kai mutane kasuwar Bahindi, wani lokaci in tsallaka da su iyaka. Na ce masu su dube ni da kyau. Ni gajere ne, hannuna gaba ɗaya da kaɗan ya ɗara rabin na Kawu. Suka ce jini ɗaya ne.

Rigimar a kan tabon ta tashi. Mai unguwa, wani tsoho mai gaggawa da ko sallama ba ya bari a gama, ya ce tabon yatsa huɗu ne daga wuyan hannu, shi ya sha gani. Ladan, wanda shi kuma ko kiran salla sai ya ja shi kamar ba ya so ya ƙare, ya ce ƙarya ne, dab da gwiwar hannu yake. Aka aika a tambayi matar Kawu. Ta ce ita duk zaman da ta yi da shi tuwo take miƙa masa, ba awo ba.

Wanzami ya ce abin mai sauƙi ne, a kawo hannun ya tsaga duka wuraren biyu, daga baya a ga wanne ya fi. Har ya fara kwance zabira. Na ce ya je ya tsaga wa ubansa. Aka ba ni haƙuri, aka ba shi haƙuri, aka tsaya a kan lalle.

Tun daga nan, duk bazara maiɗakina take kwaɓa lalle ta zana mani zobe a hannu. Da farko ɗaya ne, a tsakiya, don kada ran kowa ya ɓaci. Shekarar da shuka ta ƙone, ladan ya sa aka matsar da shi sama. Shekarar da muka yi jira har maƙwabtanmu mutanen Kurgu suka yi noman farko muna zaune, mai unguwa ya sa aka dawo da shi ƙasa. A ƙarshe kowa ya ƙi sakin nasa, sai na koma zobe biyu, na ƙasa na mai unguwa, na sama na ladan. Namiji da furfura a gemu yana yawo da jan lalle layi biyu. Wani a kasuwar Geza ya taɓa tambayata yaushe ne ɗaurin auren.

Ba a nan abin ya tsaya ba. In shamuwa ta sauka ba ni da izinin yanke farce, wai zai rage tsawon ma'auni. Ba ni da izinin barin sa ya yi tsawo kuma, wai zai ƙara. Ba na kwana a wani gari. Na taɓa faɗuwa da babur na kumbura hannu, mutane suka yi ta zuwa dubiya, ba wanda ya dubi fuskata.

Mai shagon magani yana da waya da ke faɗin ranar ruwa. In faɗi gaskiya ta fi ni dacewa sau da yawa. Na sha cewa a koma mata a ƙyale ni. Ba su yarda ba, kuma na gane dalili. Waya in ta yi kuskure ba ta da ƙofar gida da za a je a tsaya a zage ta.

To, Yaya. Ita ta goya ni, kuma ba ta bari in manta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajen aurensu nesa, gonarta ɗaya ce a kan tudu, rairayi zalla, wadda ba ta karɓar komai sai gero. Shekarar da ta gabata ta yi shuka biyu, fari ya cinye ta farko, tsutsa ta rage ta biyu. Abin da ya saura mata na iri gora ɗaya ne, geron mahaifiyarmu da take juyawa tun da can, ta gauraya shi da toka, ta toshe bakin da totuwa ta liƙe da danƙo, ta rataye a ɗaka. Ni ba ni da abin ba ta, dawa da shinkafa nake nomawa. Maƙwabta ma kowa na ɓoyon nasa, don shekarar ba ta bar wa kowa rara ba. In goran nan ya shiga ƙasa ya mutu, Yaya za ta ci shekara tana jiran abin da wani zai miƙo mata, ita kuwa mutuwa ta fi mata wannan sauƙi.

Ruwan farko na shekarar ya zo da la'asar. Iska ta riga shi, ta ɗauke rumfar mai injin niƙa ta aje ta a kan jakin wani, jakin ya tafi da ita. Sannan ruwan ya sauko da ƙarfi, ya yi kamar da gaske, kafin magariba ya ɗauke. Gari ya yi ƙamshin ƙasa. Da safe na fito masallaci na tarar kowa da sungumi a kafaɗa. Tambayata za a je yi, amma an riga an ɗauko amsa.

Na durƙusa a gindin gawo na fara tona. Sama laushi, sanyi. Na ci gaba. Can yatsuna suka taɓa ƙasa busasshiya, mai ɗumi kamar tokar murhu. Na dubi hannuna. Bakin ramin ya wuce zoben ƙasa, bai kai na sama ba. Yana tsakiya daidai, kamar da gangan.

"Ina yak kai?" in ji mai unguwa.

"Ga shi kana gani, ranka ya daɗe."

"Ya wuce. A shuka."

"Wuce mi?" in ji ladan. "Wuce naka dai. Nawa ko gaisawa ba su yi ba."

Mai unguwa ya dafa kafaɗata ya danna, wai ban zura hannun da kyau ba. Ladan ya kama wuyan rigata ta baya yana ja, wai kada a yi wa ma'auni dole. Tsofaffi biyu, ɗaya na tura ni cikin ƙasa ɗaya na ciro ni, ni kuma gwiwata na kan tsakuwa, ko kumallo ban karya ba. Na ce wanda ya ga dama ya shuka, wanda ya ga dama ya jira. Aka ce Kawu bai taɓa faɗin haka ba, magana biyu ce, in zaɓi ɗaya. Na ɗaga kai na ƙirga da ido. Masu sungumi sun fi yawa, kuma sun fi kusa da ni.

Na ce a shuka.

Kafin in kakkaɓe hannu fili ya watse. A cikin masu sauri na hango Yaya, ta ɗaure zane tamau ta nufi gida. Ɗumin ƙasar nan bai bar yatsuna ba. Ban san ko ruwa zai dawo ba, ban taɓa sani ba, hannu ba ya ganin gobe. Na dai san sauran mutane in sun faɗi za su iya tashi ko da rarrafe. Na bi ta.

"Yaya, ki jira."

"Auta, ba kai kac ce a shuka ba? Da kunnena nij ji."

"Wancan na gari na. Wanga naki na."

"Au, hannu biyu gare ka yanzu? Ɗaya na gari, ɗaya na dangi?"

"Ƙasa ba ta sha ba, Yaya. Ƙarƙashi zahi gare shi."

"To mi ya hana ka hwaɗi can?"

"Tsoho na danne da ni."

"Ni nag goya ka, ban taɓa jin kana da nauyin da za a danne ba. Kauce, za ni aron sungumi."

Ta fita zuwa maƙwabta. Na tsaya a tsakar gida ina kallon ƙofar ɗakinta. Ban yi dogon tunani ba, ba halina ba ne. Na shiga, na sauko da goran, na cusa shi cikin riga, na hau babur. Matan da na wuce a rijiya sun ce sun ɗauka wani ciwon ciki ne ya kama ni.

A garinmu ba inda zan ɓoye abu Yaya ba ta tono shi ba kafin azahar. Sai na tsallaka iyaka ta hanyar daji, inda wata ƙorama ta raba mu da su. A lokacin busasshiya ce, ko sauka daga babur ban yi ba. Akwai taubashina a wani ƙauye can ciki, ɗan goggona, wanda ya yi aure ya zauna. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana ta hankali da shi ba.

"A'a, amarya da kanta," in ji shi da ya ga lallen. "Har da ciki? Wa yay yi wanga aiki?"

"Karɓi nan, bawana. Irin Yaya na. Ka aje shi inda kaza ba ta kai, mata ba ta kai, kai ma ba ka kai."

"Sata kay yi?"

"Ajiya."

"Ta sani?"

"Za ta sani."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce in na mutu shi zai gaji babur.

Na dawo na tarar da ita a ƙofar gidana da muciya. Ba zan faɗi inda muciyar ta same ni ba. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne muryarta, don Yaya in ta buɗe baki ba a buƙatar lasifikar masallaci. Kafin rana ta take, duk wanda ke gona ya ji cewa mai hannu ya ce wa gari a shuka, ya ɗauke irin gidansu ya kai Dahome. Waɗansu suka tsaya cak a tsakiyar gona da iri a hannu. Shekarar nan an ga gonaki rabi shuka rabi fili, kamar kan da wanzami ya fara aski aka kira shi.

Sai zaman jira. In hadari ya haɗo gabana ya faɗi, don in ruwa ya sauko na cuci Yaya, kowa ya riga ta. In hadarin ya watse gabana ya sake faɗuwa, don ni na ce gari ya shuka. Ban taɓa zama ban san addu'ar da zan yi ba sai lokacin. Maiɗakina ta ce in roƙi abin da ya fi alheri in yi shiru. Na ce shirun ne ba a bari in yi.

Yaya kuma ta samo sabuwar hanya. Kullum da safe sai ta zo da tabarmarta ta shimfiɗa a tsakar gidana, ta jawo kwanon kununa ta shanye. Ta ce tunda na ɗauke abincinta na baɗi, gara ta fara karɓa tun yanzu. Da rana ta ci tuwona. Maiɗakina, wadda nake zaton za ta tsaya mani, sai ta riƙa ƙara mata miya.

"Ina gorana, auta?"

"Yana lahiya."

"Ban tambaye ka lahiya tai ba. Ba jariri ba na."

Ruwa bai dawo da wuri ba. Rana ta buɗe, irin wadda take sa ƙarfen babur ya ƙona cinya. Geron da ke tudu ya tsiro, ya yi kore na ɗan lokaci, ya nannaɗe, ya zama kamar zaren buhu. Na kwari, inda danshi ke daɗewa, ya sunkuyar da kai amma ya rayu. Ladan ya riƙa kai mutane tudu yana nuna masu. Mai unguwa ya riƙa kai su kwari. Kowannensu ya ci gardama, ni kaɗai na faɗi. Masu gonar tudu suna zagina don na ce a shuka, masu rabin gona a kwari suna zagina don na sa sun tsaya. Wani da bai da gona ko ɗaya shi ma ya zo ya yi nasa, ya ce kada a bar shi a baya.

Ruwan gaske da ya tashi zuwa bai yi hayaniya ba. Tun da safe ya fara, siriri, ba iska, ya yi ta zuba har bayan azahar. Ko makaho ya san wannan na shuka ne, amma kashegari sai da aka ja ni gindin gawo. Hannuna ya shige har hammata, na kusa bin sa. Ban tsaya jin ta bakin tsofaffi ba, na ce a shuka, na hau babur. Yaya na tsaye a bakin hanya da sungumi. Ta nuna mani rana da yatsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙorama. Ruwan da nake jira don in kawo goran, shi ne ya cika ta. Na tarar da ita ja wur, tana gudu da karare da kashin shanu. Na jingine babur, na tuɓe riga na ɗaura a ka, na shiga. A tafiya ruwan ya tsaya mani a ƙirji.

Taubashina yana zaune a zaure yana shan fura.

"Ka makara," in ji shi. "Ga ƙarshen shi nan, zo ka kurɓa. Geron tsohuwa akwai gardi."

Na tsaya ina kallonsa, ruwa na ɗiga daga wandona. Ban san irin fuskar da na yi ba, amma ya aje ludayi ya tashi da sauri ya shiga ɗaki ya fito da goran, bakinsa a liƙe yadda na kawo shi. Ya ce bai san gajeren mutum na iya yin fari haka ba.

A dawowa ƙorama ta ƙaru. Na ɗora goran a ka, na riƙe da hannu biyu, na shiga ina laluben ƙasa da ƙafa. Ƙirji, wuya, haɓa. Da Kawu ne da ko cibiyarsa ba ta jiƙe ba. A tsakiya na taka wani abu mai santsi, ƙafata ta tafi Binin, sauran jikina ya nufi Najeriya. Da na ɗago, goran ya yi gaba, yana rawa a kan ruwa kamar an sallame shi daga makaranta.

Ban iya iyo ba. Abin da na iya shi ne dukan ruwa, shi na yi ta yi ina bin sa, ina shan abin da ya samu. Allah ya sa a ƙasa kaɗan, inda ƙoramar ta yi kwana, wani Bafulatani na tsaye da shanunsa yana jiran ruwa ya ragu. Dattijo ne, da malfa, ya harɗe ƙafa ɗaya a kan sanda. Ya dube ni, ya dubi goran, ya miƙo mani sandar.

"Goran," na ce. "Goran tukuna."

Bai yi gardama ba. Ya bi gaɓa a hankali, ya saƙalo igiyar wuyan goran da kan sanda, ya aje shi a kan ciyawa, ya gyara masa zama. Sannan ya dawo ya same ni na rungume wani reshe.

"Yanzu hwa? In hidda kai, ko akwai wani goran?"

Da ya jawo ni na kwanta ina amayar da ƙorama, ya tambaye ni abin da ke ciki. Na ce gero. Ya ce shi ya ga mutane sun shiga ruwa don saniya, ya ga sun shiga don mace, bai taɓa ganin na gero ba, Haɓe dai sai a bar su. Ya dubi lallen hannuna ya buɗe baki, sai kuma ya fasa.

Danƙon ya ɗan saki, ruwa ya taɓa na sama. Iri in ya jiƙa ba ya kwana, ko ya shiga ƙasa ko ya lalace. Na iso gonar Yaya ba riga, don ƙorama ta karɓe ta, takalmi ƙafa ɗaya. Ta karɓi goran, ta fasa bakin, ta zuba a tafin hannu ta shinshina. Ta miƙo mani sungumi. Ina sara tana jefawa tana rufewa da diddige, har muka kai ƙarshen gonar rana na faɗuwa. Goran ya ƙare daidai da kunyar ƙarshe, ta juye tokar ta kaɗe.

Ya tsiro. Ruwa ya bi shi yadda ya kamata, malka ta zo ta wuce ba ta yi ɓarna ba. Na fara tafiya da ƙirji a buɗe, ina jiran ranar da za ta ce wani abu mai kama da godiya.

Sai dai akwai abin da ni da ita duka ba mu hango ba. Masu gonar kwari sun riga ta da nisa, suka girbe nasu suka kai rumbu. Masu tudu da nasu ya ƙone ba su da sauran iri, wake suka zuba. Da geron Yaya ya fitar da kai ya fara ƙosawa, shi kaɗai ne gero a tsaye duk faɗin wajen. Jan-baki suka ji labari. Ban san tsuntsaye na da dangi haka ba. Suna tasowa daga fadama kamar hayaƙi, wasu na rantse daga Binin suke zuwa, sun biyo shi tun can.

"Kai kaj jinkirta shi," in ji Yaya. "Kai ka tsare shi."

Na kafa rumfa a tsakiyar gona, na ja igiyoyi na rataya gwangwanaye. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ina sama ina ja, ina ihu, ina wurgi da hoge. In na kore su gabas su sauka yamma. Muryata ta dushe har na koma buga tsohon faranti. Masu wucewa sukan tsaya su gaishe ni, su tambaye ni ko hannu ya ce tsuntsaye za su ɗauke. Yaya takan kawo mani fura da rana, ta zauna a inuwar rumfar ta sha rabi, tana nuna mani inda suka sauka.

Mun girbe. Tsuntsaye sun ci rabonsu, ba kaɗan ba, amma abin da ya saura ya isa mace ɗaya ta kai wata damina ba ta miƙa hannu ga kowa ba. Kafin a ɗaure dami ko ɗaya ta bi ta zaɓe manyan zangarniya, ta sussuke su da kanta, ta hana kowa taɓawa. Na zo na same ta a tsakar gida da toka da danƙo, da gora biyu a gabanta, duka cike.

"Biyu, Yaya?"

"Biyu. In na shuka ɗaya ya ƙone, in shuka ɗaya. Ka hwaɗi abin da kaka so gindin gawo, ba ruwana."

"To madalla. Ai sai a ce dabarata ta yi rana."

"Wace dabara? Ta shan ƙorama?"

Ta rataye ɗaya a ɗaka, a wurinsa na da, inda kowa ke gani. Ta ɗauki ɗayan ta rufe da zane, ta ce in juya in fuskanci katanga. Na ce ni fa ba yaro ba ne, jikoki gare ni. Ta ɗauko muciya ta aje kusa. Na juya. Na ji fitarta, na ji ta daɗe, na ji ta dawo tana kakkaɓe hannu. Na tambayi maiɗakina daga baya inda aka ɓoye shi, don na ga alamar ta sani. Ta ce an ce kada a gaya mani.